Yadda Habsatu Mai Masa Ta Zama Uwar Ƙuda

Duk wanda ya san tashar Filinge a zamanin mulkin soja na farko ya san Habsatu mai masa. Gindin wani dogon yaro take zama, hagu da inda motocin Yamai ke lodi, da tandarta mai gida goma sha biyu da farin kwanon ƙullu da take rufewa da faifai. 'Yar wani ƙauye ce kusa da Tabla, aure ya kawo ta gari. Mijinta Magagi tela ne. Yara biyu suka rayu musu, Tahiru da ƙanwarsa Balkisu. Ni ajinmu ɗaya da Balkisu a lakwal, wato makarantar boko, gida uku ne tsakaninmu da su, don haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gani, sauran kuma daga bakinta na ji.

Gidan Magagi gida ne da ba a zama. Kafin rana ta fito Habsatu ta riga ta hura wuta a tasha. Da hantsi ta dawo ta surfa geron gobe, ta jiƙa, ta ɗora tukunya, ta nufi rijiya. Magagi kuwa kekensa na ɗinki yake ɗaurewa a amalanke yana bin kasuwanni, yau Filinge, gobe Bonkuku, jibi wani wuri. Da damina gona ta haɗiye ɗan lokacin da ya rage. Yara suna tsakanin lakwal da makarantar allo da ɗiban itace. Kowa yana cin tuwonsa lokacin da ya sami sarari, sau da yawa a tsaye. Balkisu ta ce mini akan yi kwana uku ba ta ji muryar babanta ba, sai dai ta ga takalmansa a ƙofar ɗaki ta san yana gari.

Abu ɗaya ke tara su wuri guda, shi ne sinima. A lokacin akwai motar da ke zuwa duk bayan wata biyu ko uku, ta kafa farin ƙyalle a filin samariya, inda samarin gari ke taro, da an idar da magariba a tada inji. Akan fara da labaran gwamnati, soja na buɗe rijiya, soja na dasa itatuwa, sannan a sa fim na dariya, ko na waƙa da rawa daga ƙasashen da ba mu jin yarensu. Ranar da motar ta shigo gari Habsatu ba ta jiƙa gero, wato gobe babu masa a tasha, direbobi su yi haƙuri. Magagi ko yana Bonkuku sai ya naɗe kaya da wuri ya dawo. Tabarma ɗaya suke shimfiɗawa su huɗu, da ƙwaryar soyayyar gujiya a tsakiya. Maza 'yan'uwansa suna yi masa tsiya, wai magidanci ya bar wurin maza ya zauna da mace da yara. Bai taɓa tanka musu ba. Mutum ne da ba a cika ganin haƙoransa ba, amma a kan tabarmar nan yakan yi dariya har ya share hawaye da bakin rawaninsa.

Daɗin fim ɗin ma ba a filin yake ƙarewa ba. Habsatu tana da baiwar kwaikwayo. Sati biyu bayan motar ta tafi tana nan tana maimaita shi a tsakar gida, taɓarya a hannu. Ta yi tafiyar ɓarawo, ta yi kukan sarauniya, ta ɗora musu maganar da ta ga dama da Hausa tun da ba wanda ya san abin da suka ce. Yara su faɗi ƙasa don dariya. Mu ma na maƙwabta mukan leƙa ta kan dangar kara. Maƙwabciyarta ta kusa, Laraba matar Baƙo mai saye da sayar da awaki, ita ce ke fara tafi. Aminai ne tun suna amare, wuta ɗaya suke ɗiba, turmi ɗaya suke aro.

A shekarar tamanin da shida, bayan mutane sun fara farfaɗowa daga yunwa, wasu mutane suka zo daga Yamai da inji mai ƙafa uku. Suka ce fim za su yi a kan tsabtar ruwa da zawon yara, kuma da mutanen gari za su yi shi. Babbansu wani ne mai gilashi da ba ya jin Hausa, sai tafinta ke binsa. Mata biyu suke nema. Ɗaya za a yi kwana uku ana ɗaukarta, ɗaya rabin yini. Mai unguwa ya ba da sunan Laraba a dogon wasan, saboda gidansu ya fi faɗi, ya ba da na Habsatu a gajeren.

Habsatu ta kwana biyu abin na cinta. Laraba mace ce mai kunya, in baƙo ya yi sallama ma muryarta ba ta fita. Ita kuwa da ta shekara goma tana yi wa kaji da yara wasa a tsakar gida, rabin yini za a ba ta? Rana ta uku tafinta ya zo tasha sayen masa. Ta zuba masa, ta ƙara biyu a kai, ta rage murya, ta kira shi Mushe, yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci.

"Mushe, na ji an ce Laraba anka zaɓa ma dogon wasa."

"Haka ne."

"To, ni dai ban ce komi ba. Amma mijinta ya rantse ba mai shiga gidanshi da wanga inji. Ya ce aikin banza ne, aikin marasa abin yi."

Baƙo bai faɗi haka ba. Ba ya ma gari, yana can Imanan wajen awaki. Ita a tunaninta za a ce to, a sauya, shi ke nan. Aka kuwa sauya, da yamma aka aiko mata cewa ita ce za ta yi dogon wasa. Abin da ba ta lissafa da shi ba shi ne zamanin da ake ciki. A lokacin ba a kiran aikin gwamnati aikin banza a kwana lafiya. Maganar ta wuce tafinta ta kai kunnen hukuma. Ranar da Baƙo ya dawo, gardi biyu, wato dogaran gwamnati, suka zo suka tafi da shi wani biro, ofishin hukuma da ba sai na faɗi sunansa ba. Aka zaunar da shi tsakar rana, hula a hannu, tun hantsi har la'asar, masu wucewa suna kallonsa. Aka tambaye shi shi wane ne da zai zagi aikin ƙasa. Ya yi ta rantsuwa bai ce ba, ba wanda ya saurare shi. Da za a sake shi aka ce masa matarsa za ta fito a gajeren wasan ko yana so ko ba ya so.

Habsatu tana bakin ƙofarta ya wuce. Dattijo ne mai fara'a, amma ranar kansa a ƙasa ya shiga gida, ya yi sati bai fito ba. Laraba ta shigo wurinta tana kuka.

"Ƙawa, wa munka yi ma mi? Wa za shi yi ma maigida wanga sharri?"

"Allah shi tona asirinshi," in ji Habsatu. Bakinta ne ya faɗa kafin ta tsayar da shi. A ranta ta ce bari a gama fim ɗin, za ta gaya mata gaskiya.

Sai da aka zo ɗauka aka yi mata bayanin wasan. Mata biyu ne a labarin, ɗaya mai tsabta, ɗaya ƙazama wadda sakacinta ke sa 'yarta ciwo. Dogon wasan na ƙazamar ne. Ta ce ta ji. Da ta gaya wa Magagi ya tsayar da keken ɗinki ya dube ta.

"Habsatu, ke mai abinci ce. Ki duba da kyau."

"Wasa ne, Malam. Wanda munka ga ya mutu cikin fim wancan wata, ba shi munka gani ba wanga wata shina rawa? Kowa ya san wasa ne."

Ya ci gaba da ɗinki.

Kwana uku aka yi. Gidan da Habsatu ke sharewa sau biyu a rana aka watsa masa shara da tokar murhu. Aka bar randa a buɗe, aka ɗora kaza a bakinta. Aka yayyafa ruwan kifi don ƙuda su taru. Balkisu, tana shekara tara, aka kwantar da ita a tabarma tana riƙe ciki. Habsatu kuwa ta saki jiki. Ta yamutsa gashi, ta ɗaura zani a karkace, ta yi tafiyar ragwaye tana soshe-soshe. Rana ta biyu ta ce wa tafinta tana da wata dabara. Ta ɗauko tandarta ta gaske da farin kwanonta, ta zauna kamar a tasha. Ta face majina da yatsu, ta goge a zani, ta tsoma hannun cikin ƙullu ta juya, ta lashe, ta zuba a tanda. Ba wanda ya ce ta yi haka, ita ta ƙirƙiro. Mai gilashi ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya tafa mata, ya sa ta maimaita sau uku. Da suka tafi ta zubar da ƙullun a bayan gida, ta wanke kwanon da toka da ruwan zafi har hannunta ya yi ja. Wannan ba wanda ya ɗauka.

Laraba kuwa an ɗauke ta da farin mayafi tana tace ruwa da ƙyalle, tana wanke hannu da sabulu. Ko kalma goma ba ta yi ba.

Bayan kaka aka ce fim ya fito, motar sinima za ta kawo shi. Habsatu ta aika ƙauyensu aka zo da mahaifiyarta da 'yan'uwa cike da amalanke. Magagi ya ɗinka musu kaya iri ɗaya su huɗu. Tun la'asar Tahiru ya kai tabarma gaba-gaba. Ban taɓa ganin filin samariya ya cika kamar ranar ba, har kan katanga mutane ne.

Fim ya fara da wani rubutu na Faransanci. Mu 'yan lakwal mun karanta, yana cewa mutanen da za a gani wasa suke yi, ana gode musu. Ko ƙiftawa uku bai yi ba ya wuce, kuma cikin mutum ɗari da wuya biyar su iya karanta shi. Sai ga ƙofar gidan Magagi, kowa ya gane ta. Fili ya ɗauki ihu. Sai ga Habsatu ta fito tana sosa kai, girmanta ya kai na raƙumi a kan ƙyallen. Aka fashe da dariya, ita ma tana dariya, tana taɓa mahaifiyarta tana nuna mata.

Sai wata murya ta namiji ta fito daga lasifika da Hausa, muryar da ba a yi da ita ba lokacin ɗauka. "Jama'a, ku dubi wannan mata. Sunanta Uwar Ƙuda. A gidanta ƙuda ba sa yunwa." Muryar ba ta ce wasa ba ne. Ta bi ta ɗaki-ɗaki tana nuna randa, tana nuna kaza, tana nuna yarinya kwance. Da aka zo wurin tanda, injin ya matso da hannunta kusa, daga hanci zuwa zani zuwa ƙullu, a hankali. Dariyar fili ta sauya. Wani daga baya ya yi kakarin amai da gangan, wani ya ɗaga murya ya ce, "Wayyo, ni da na ci ta yau da sahe!" Aka sake kwashewa.

Ina zaune kusa da su, na ga lokacin da dariya ta bar fuskar Habsatu. Mahaifiyarta, tsohuwar da ba ta taɓa ganin sinima ba sai ranar, ta juyo ta dube ta.

"Haka kike zaune cikin birni? Haka na koya miki?"

"Inna, wasa ne."

"Gidanki ne ko ba gidanki ba ne? Ɗiyar can taki ce ko ba taki ba ce?"

Tsohuwa ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ratsa mutane ta fita. Balkisu ta cusa kai cikin cinyoyinta. Magagi bai motsa ba, idonsa na kan ƙyalle har ƙarshe. Da Laraba ta fito da farin mayafinta aka yi mata tafi da guɗa. Habsatu ta so ta tashi, amma suna gaba, kuma kayansu iri ɗaya, duk inda suka bi za a gan su. Haka ta zauna har aka kashe inji.

Mutanen gari sun san wasa ne, sun ga lokacin da ake ɗauka. Amma abin da ido ya gani ciki ba ya mantawa. Direban da ya shekara biyar yana karyawa da masarta sai ya gaishe ta da kyau ya wuce wurin mai ƙosai. Motar sinima kuma ba a Filinge ta tsaya ba, ta zaga ƙasar Kurfai ƙauye-ƙauye, ta shiga Imanan, inda ba wanda ya san yadda aka yi. Ranar kasuwa mutanen ƙauye sukan zo tasha musamman, su tsaya nesa suna nuna ta da baki. "Ga ta can. Wallahi ita ce, ga ma kwanon." Mata suna janye yaransu. Ƙullu ya riƙa kwana yana tsami.

A lakwal sunan Balkisu ya koma Ɗiyar Uwar Ƙuda. In ta shigo aji sai a fara zuuu kamar ƙuda. Ba zan ɓoye ba, har da ni a masu yi, ni da na sha cin tuwo a gidansu na san ko tsinke ba ka gani a tsakar gidan. Ta daina fita wasa, takan zauna a aji ita kaɗai har a buga ƙararrawa.

Wadda ta tsaya wa Habsatu ita ce Laraba. Matar da ba ta iya ɗaga murya ta riƙa zuwa tasha kowace safiya, ta zauna a kan benci inda kowa zai gan ta, ta sayi masa ta ci a fili.

"Ku da kunka gan ni cikin fim ina wankin hannu," ta ce wa wasu mata wata rana, "to wurin wagga na koya. Ku zo ku ci."

Ba su zo ba. Da suka rage su biyu Laraba ta kama hannunta.

"Ƙawa, ke kinka ɗauke min wagga masifa. Da ba a sauya ba, ni ce Uwar Ƙuda yau. Ban san da mi zan saka miki ba."

Habsatu ta sunkuyar da kai tana juya masar da ta riga ta ƙone. Ta gaya wa Balkisu daga baya cewa duk dariyar da aka yi mata a fili ba ta kai wannan godiyar ciwo ba. Nan ne wurin faɗin gaskiya, ta buɗe baki, sai ta ji ta ce, "Ba komi."

Kafin damina ta kife tanda. Ta koma saƙar tabarma da sayar da igiya, abin da ba a ci. Magagi bai taɓa ce mata ai na gaya miki ba, ko sau ɗaya, ita kuma ta ce da ya faɗa da ta fi samun sauƙi. Da motar sinima ta sake zuwa yara suka dube ta, ta ce kanta ke ciwo. Magagi ya ce shi ma yana da ɗinkin da zai ƙarasa. Ba wanda ya je. Daga nan ba su ƙara zuwa ba, kwaikwayo a tsakar gida ma ya mutu. Gidan ya koma yadda yake sauran ranaku, kowa da hanyarsa, sai dai yanzu babu ranar da ake jira. Tahiru yana kai shekara goma sha bakwai ya bi masu zuwa Kwatano.

Shekaru suka wuce. Soja suka sauka, aka yi zaɓe, suka dawo, suka sake sauka. Motar sinima ta daina zuwa, ba mu san ranar da ta yi zuwan ƙarshe ba. Yaran da aka haifa daga baya suna jin ana cewa Uwar Ƙuda ba su san mafarin sunan ba, wasu ma sun ɗauka sunan yabo ne. Balkisu ta yi aure cikin gari ta haihu uku.

Wajen shekara ta dubu biyu Tahiru ya dawo da mata da yaro, da tele, wato akwatin talabijin, da bidiyo da batirin mota. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da yake ita ce ranar da Magagi ba ya zuwa kasuwa, aka toshe tagar ɗaki da bargo aka sa kaset. Jikoki suka cika ɗakin, Magagi ya shiga da furfurarsa ya zauna. Habsatu ta ƙi. Ta zauna a inuwar rumbu da kabarta tana saƙa. Juma'a uku tana haka. Ta huɗu sai ta ji mutanen cikin akwatin suna magana da Hausa, uwa tana yi wa ɗanta faɗa kamar a gidan kowa. Ta matso bakin ƙofa da saƙarta. Ƙaramar jikarta ta jawo zaninta, ta zauna a dokin ƙofa, rabinta ciki rabinta waje. Nan ya zama wurinta.

A hankali zaɓen kaset ya koma hannunta. Ba ta iya kiran sunan Tahiru, ɗan fari ne, sai ta ce, "Kai, wanga da ka kawo jiya ka maida shi. Abin da uwa ba ta iya kallo gaban ɗanta ba ya shiga ɗakin ga." Ta fi son na dariya da na zaman gida, waɗanda tsoho zai gane yaro ma zai gane. Matan unguwa suka saki jiki da turo yaransu, har da jikokin Laraba, don an san abin da Habsatu ta yarda da shi ba abin kunya a ciki.

Cikin wannan ɗan daɗin Baƙo ya kwanta ciwo. Sau uku Habsatu tana dama kunu ta kai masa da niyyar roƙon gafara, sau uku tana ajiye kwano ta yi masa sannu ta fito. A zuwa na ukun ya tsayar da ita, Laraba na zaune gefensa.

"Maƙwabciya, ki zama shaida. Na yahe ma kowa. Har Garba da ya kai ni biro, na yahe mishi, ko da bai taɓa amsawa ba."

Garba ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Habsatu ta san sun raba gonar gado tun shekarar fim ɗin, Garba ya kwashe iyalinsa ya koma wajen Bonkuku, amma ba ta taɓa sanin dalili ba. Ashe sun yi cacar baki kwana kaɗan kafin gardi su zo, Baƙo ya ɗora masa. Shekara goma sha shida 'yan'uwa ba sa cin abinci kwano ɗaya. Ta ce, "Allah shi ba da lahiya," ta fita. Kwana biyar bayan haka ya rasu.

Magagi ta fara gaya wa. Ya ce, "Ba ni za ki gaya ma ba." Ta jira har Laraba ta fita takaba, ta same ta tana tankaɗe, ta durƙusa ta faɗi duka, tun daga masa biyun da ta ƙara wa tafinta. Laraba ta ajiye rariya.

"Ina cin masarki gaban mutane kina kallona."

"Ina kallonki."

"Ina yi miki godiya."

Laraba ta ci gaba.

"Wanda za ki roƙa shina ƙasa. Ni ba ni da abin ba ki. Amma Garba na da rai. Ki tahi ki gaya mishi da bakinki, gaban ɗiyanshi."

Ta tafi. Magagi ya kai ta a amalanke, ya tsaya waje. Ta faɗa gaban Garba da matarsa da 'ya'yansa manya. Garba ya saurara har ta gama, ya ce ya yi ta rantse wa yayansa har ya gaji, ya ce ko jana'iza da ya je a bayan sahu ya tsaya kamar baƙo. Ya sa aka kawo mata ruwa ta sha, don ta yi tafiya. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Labari ya riga ta dawowa Filinge. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya nuna ta da baki, gaisuwa ce kawai ta gajarta. Ta yi wata biyu ba ta leƙa kasuwa ba.

Laraba ta daina shiga gidan, ta toshe ƙofar dangar da ke tsakaninsu. Amma ba ta hana jikokinta zuwa kallon Juma'a ba, ta ce yara ba su yi wa kowa laifi ba. Bayan kamar shekara biyu, wata Juma'a Laraba ta zo kiran ɗaya daga cikinsu za a aike shi. Ta yi sallama ta tsaya bayan Habsatu a bakin ƙofa. A fim ɗin wata mata ce ke kuka tana rantsuwa ba ita ta ɗauki abu ba. Laraba ba ta kira yaron ba sai da wurin ya wuce.

"Wagga ba ta kai ki iyawa ba," ta ce. Ta kama hannun jikanta suka tafi.

Habsatu ta tambayi Balkisu ko yabo ne ko zagi, Balkisu ta ce ba ta sani ba. Daga ranar dai suka koma gaisawa in sun haɗu a rijiya ko wurin biki, ina kwana, lahiya lau, ba ƙari. Daga baya ɗan Laraba ya ɗauke ta zuwa Yamai, can ta rasu. Habsatu ta so zuwa gaisuwa, ta shirya kaya, da safe ta kwance su, ta ce ba ta san da wace fuska za ta shiga cikin 'ya'yan Baƙo ba. Ta aika Tahiru.

Magagi ma ya rasu shekarun baya. Habsatu tana nan gidan Tahiru, ido ya yi rauni, hannu ya daina saƙa. Da na je gaishe ta bara na ce mata ina so in rubuta labarinta, ta ce in rubuta, amma kada in rage wurin Baƙo don in rufa mata asiri. Ta ce in sa cewa mutumin kirki ne, awaki yake saya yana sayarwa, kuma bai taɓa cewa aikin kowa aikin banza ne ba.